Sabis Ya Ɗauke, Ciniki Bai Tsaya Ba: Tambayoyi da Amsoshi Kan Mayar da Bayanan Waya Babban Rumbu da Sasanta Karo

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta dawowa daga matasanmu masu rubuta manhaja a nan Legas, da kuma 'yan kasuwar da ake rubuta wa manhajar, musamman na Mile 12 da Agege da Alaba Rago. Na tara su wuri guda ne don na gaji da maimaita amsa ɗaya a tsaye a bakin masallaci bayan Juma'a. Misalaina kusan duk na albasa ne, domin a wajen 'yan gwari na koyi yawancin abin da na sani a kan wannan aiki, kuma ba da daɗi na koya ba.

1. Me ake nufi da manhaja ta yi aiki babu intanet, kuma ina bayanan suke zama kafin sabis ya dawo?

Wayar da kanta tana ɗauke da ƙaramin rumbun bayanai, kuma duk abin da aka rubuta can yake fara sauka, da sabis ko babu. A wayoyin Android da iPhone galibi SQLite ne ke wannan aiki. Richard Hipp ya fitar da shi a shekarar 2000, kuma fayil guda ne kawai a cikin waya. In manhajar ta burauza ce, IndexedDB ake ba wa aikin. Babban rumbu kuma yana kan sabar, wato babbar kwamfutar da ake kaiwa gare ta ta intanet, shi ne kowace waya take komawa gare shi. Maganarmu duk a kan hanyar da ke tsakanin rumbunan biyu take.

Wasu na ganin wannan matsalar ƙauye ce, Legas ta wuce nan. Wanda ya taɓa tsayawa cikin rumfunan Mile 12 da hantsi, motoci na sauke kaya, kowa na kan waya, ya san sandunan sabis za su cika fal amma saƙo ya ƙi fita. Ga ƙarewar data a tsakiyar ciniki. Ranar 14 ga Maris 2024 kuwa, da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, ciki har da MainOne da WACS, har bankuna sai da suka ji a jikinsu.

2. In sabis ya dawo, duk bayanan ake turawa ko abin da ya canza kawai?

Abin da ya canza kawai. Ka buɗe tebur na musamman a cikin waya, ni ina kiransa jakar aike. Duk canjin da aka yi, a jefa takardarsa ciki: wane layi na teburin bayanai aka taɓa, ƙari ne ko gyara ko gogewa, me aka rubuta, kuma wane juyi na layin, wato gyara na nawa, wayar ta gani kafin ta taɓa shi. Wannan na ƙarshen shi ne zai cece ka, ka duba amsa ta 4. Masu aiki da ADO.NET, kayan aikin Microsoft na haɗa manhaja da rumbun bayanai, sun san tsarin tun da daɗewa, domin DataSet yana riƙe wa kowane layi halinsa, yana kuma ajiye tsohuwar ƙimarsa tare da sabuwa.

Abu biyu ne ba a wasa da su. Na farko, rubuta cinikin da jefa takardarsa a jaka su zama aiki ɗaya, ko su shiga tare ko su faɗi tare. In ba haka ba, batir zai mutu a tsakaninsu, ka samu cinikin da yake cikin waya amma har abada ba zai tafi ba. Na biyu, kada a cire takarda daga jaka sai sabar ta amsa cewa ta ajiye. Turawa daban, karɓa daban. A kuma tura su bi da bi yadda suka shigo, don kada bashin mutum ya isa rumbu kafin sunansa.

3. Mene ne karo, kuma yaya yake faruwa?

Karo shi ne mutum biyu su taɓa abu ɗaya, kowa bai san da ɗan'uwansa ba. Ga yadda na fara ganinsa da idona. Wani Alhaji dillalin albasa yana da yara biyu, kowa da wayarsa. Da asuba duka wayoyin sun ga buhu 40 a rumfa. Sabis ya ɗauke. Ɗaya ya sayar da 6, wayarsa ta rubuta saura 34. Ɗayan ya sayar da 10, tasa ta rubuta saura 30. Da azahar mai 30 ya fara samun sabis, mai 34 ya biyo baya ya rubuta a kansa. Babban rumbu ya ce saura 34, alhali buhu 24 ne a ƙasa.

Da yamma Alhaji ya ƙirga buhuna, ya dubi waya, ya dubi yaran. Ƙaramin ya ce, "Wallahi Alhaji na shigar, ga shi nan a wayata." Alhaji ya juyo gare ni ya ce, "Malam, to buhu goman nan aljanu ne suka ɗauka?" Ba a nuna wani kuskure a ko'ina ba, komai kore ne a allo. Abin da ya sa wannan nau'in ya fi kowanne muni ke nan: ba ya ihu, kuma kafin a zargi manhaja yaron gida ake fara zargi.

Akwai wasu nau'o'in: ɗaya ya gyara layi ɗayan ya goge shi, ko su biyu su yi wa kwastoma ɗaya rajista kowa da irin rubutunsa, ko kowane canji ya zama daidai shi kaɗai amma in an haɗa su a sayar da abin da babu. Na ƙarshen yana amsa ta 7.

4. Ta yaya sabar za ta gane an yi karo?

Ka ba kowane layi lambar juyi, wadda take ƙaruwa da ɗaya duk lokacin da aka gyara shi a babban rumbu. Waya in za ta tura gyara, sai ta faɗi juyin da ta gani. Umarnin zai zama kamar haka: UPDATE kaya SET farashi = 52000, juyi = 8 WHERE lamba = 15 AND juyi = 7. In layin yana nan a juyi na 7, gyara ya shiga. In wani ya riga ya kai shi 8, umarnin ba zai taɓa ko layi ɗaya ba, kuma wannan sifilin shi ne labarin karo. Kuskuren da na fi gani wajen masu koyo shi ne ba sa duba layi nawa umarnin ya taɓa. Rumbu bai yi ƙorafi ba, sai su ɗauka an ajiye.

Kayan aiki da yawa sun zo da wannan a shirye. SQL Server yana da rowversion, wanda yake canzawa da kansa. ADO.NET yana jefo DBConcurrencyException in gyara bai samu layi ba. A tsarin HTTP kuma, sabar tana ba da ETag, waya ta mayar da shi cikin If-Match, in bai dace ba amsa ta zo da lamba 412; wasu kuma 409 suke mayarwa. Ko wanne ne, sabar ta haɗo da layin yadda yake a yanzu, don waya ta samu abin kwatantawa.

5. Me zai hana a kulle layin kawai har mai gyara ya gama?

Kulle yana buƙatar a sanar da sabar, kuma rashin hanyar sanar da ita shi ne asalin matsalar. A ce ma an kulle tun da asuba: yaro ya tafi Oko-Oba, cunkoso ya riƙe shi, waya ta mutu, kaya suna kulle har dare. Kulle na masu zaune kan layi ne, na daƙiƙa ɗaya ko biyu.

6. Na ji ana cewa a bar wanda ya rubuta a ƙarshe ya ci. Ba ya wadatarwa?

Yana wadatarwa a inda asarar ba ta da ciwo: hoton shago, launin allo, bayanin da mutum ɗaya ne kaɗai yake taɓa shi. Firestore, rumbun bayanai na Google, haka yake yi in an gyara takarda ɗaya daga wurare daban-daban babu intanet, kuma mutane da yawa suna amfani da shi ba su san da haka ba. Abin da ya cinye buhu goman Alhaji a amsa ta 3 ke nan.

Sai kuma tambayar da ba a cika yi ba: ƙarshe a agogon wa? Agogon waya ba abin dogaro ba ne. Na taɓa karɓar waya daga hannun wani yaron rumfa na ga ta sha gaban duniya da kwana biyu, shi ya matsar da ita da hannunsa saboda wani wasa da yake bugawa. Da ana bin agogo, duk abin da ya rubuta zai danne na kowa har jibi. Tun 1978 Leslie Lamport ya nuna cewa tsakanin na'urori da yawa, jerin abin da ya riga wani shi ake iya kamawa, ba sa'ar bango ba, kuma lambar juyi ɗiyar wannan tunanin ce. Ka ajiye lokacin waya don a nuna wa mutum, a tsarin UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, sannan a ƙara awa ɗaya ta Najeriya wajen nunawa. Hukunci kuwa kada a ɗora shi a kansa.

7. To lissafin kaya da kuɗi fa, yaya za a yi da su?

In ba za ka ɗauki komai daga wannan shafi ba, ɗauki wannan: ka rubuta abin da ya faru, kada ka rubuta abin da ya rage. Maimakon waya ta ce "saura 34", ta ce "an sayar da 6". Ɗayar ta ce "an sayar da 10". Waɗannan layuka biyu ne sababbi, babu wanda ya hau kan wani, kuma ko wanne ya fara isa, 40 a cire 16 dai 24 ne. Ragowar kaya lissafi ce da ake fitarwa daga tarin abin da ya faru. Ba sabon ilimi ba ne. Littafin bashin kowane ɗan kasuwa haka yake: ba a goge tsohon layi, ana ƙara sabo ne a ƙasa, "ya biya dubu ashirin", "ya ƙara buhu biyu". In an yi kuskure, a rubuta layin da ya warware shi, tsohon ya zauna a matsayin shaida. Ranar da na mayar da manhajar Alhaji kan wannan tsari, yawancin karon da nake fama da shi ya ɓace ba tare da na sasanta komai ba.

Abin da bai ɓace ba shi ne sayar da abin da babu. Saura buhu 5, wannan ya sayar da 4, wancan ya sayar da 3, duka babu sabis. Babu dabarar kwamfuta da za ta haifo buhu biyu. Zaɓi uku ne: a raba kayan tun da safe, kowane yaro da kasonsa da ba zai wuce ba sai ya samu sabis; ko a karɓi cinikin duka, lissafi ya nuna an ci bashin buhu 2, a sanar da maigida nan take; ko a hana irin wannan ciniki sai da intanet. A rumfar da buhuna suke gaban kowa, na biyun ya fi dacewa, tunda ido ma yana ƙirga. In kayan suna sito a wani wuri ana sayarwa daga nesa, rabon kaso ya fi.

Motsin kuɗi na gaske kuwa, kamar cire wa mutum daga asusunsa, ba a yinsa a makance. Waya ta rubuta "ya ce ya tura", tabbatarwa ta jira sabis. Su ma masu Firestore sun faɗa a fili cewa irin aikin da sai an karanta kafin a rubuta a dunƙule yana faɗuwa in babu intanet.

8. In karo ya faru da gaske, wa zai yanke hukunci, na'ura ko mutum?

A fara rage wa mutum aiki. In kana riƙe da abu uku, wato asalin layin, da gyaran waya, da abin da ke sabar yanzu, za ka iya duba su gurbi-gurbi. Ɗaya ya canza lambar wayar kwastoma, ɗayan ya canza unguwarsa daga Idi-Araba zuwa Obalende: babu faɗa, a haɗa duka. Sai in gurbi ɗaya suka taɓa ne ake da shari'a. Ka dai kula da gurabun da suke tafiya tare, kamar farashi da ma'auni. Kada ka ɗauki farashin kwando daga wannan ka manna wa buhun wancan.

Abin da ya rage, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka zauna da maigida tun kafin ka rubuta komai, ka tambaye shi: in kai da yaronka kun sa farashi daban, na wa za a bi? Zai ce nasa, shi ke nan ka samu doka. Inda babu doka, a nuna wa mutum duka biyun da harshen da zai gane: "Kai ka sa 52,000. Abokin aikinka ya sa 50,000 da ƙarfe goma. Wanne za a bari?" Ba lambar kuskure ba. Wanda aka ƙi ɗauka kuma a adana shi a gefe. Rumbun bayanai na CouchDB a kan wannan aka gina shi: yana zaɓar wanda zai nuna, iri ɗaya a kowace na'ura, amma yana riƙe ɗayan har manhaja ta zo ta warware. Da shi da PouchDB, ɗan'uwansa mai aiki cikin burauza, ƙungiyar eHealth Africa, mai cibiya a Kano, ta yi aiki a yaƙi da cutar Ebola a Afirka ta Yamma, shekarar da cutar ta shigo Legas, 2014.

9. Me ya sa ciniki ɗaya yake shiga sau biyu?

Waya ta tura, sabar ta ajiye, amsa ta ɓace a hanya. Waya ba ta ji komai ba, sai ta sake turawa, kuma daidai ta yi (duba amsa ta 2). Gyaran yana wajen sabar: kowane ciniki ya zo da lambar shaidarsa da waya ta ƙirƙira tun lokacin da aka rubuta shi, sabar kuma in ta ga lambar da ta taɓa gani ta amsa "na karɓa" ba tare da ta sake ajiyewa ba. UUID ake amfani da shi, lamba ce mai tsawon bit 128, wadda wayoyi za su yi ta ƙirƙira kowa shi kaɗai ba tare da fargabar haɗuwa ba. A rumbun bayanai na PostgreSQL, tun fitowa ta 9.5 a 2016, INSERT tare da ON CONFLICT DO NOTHING ya gama maka aikin, muddin ka hana maimaita lambar a teburin. ODK, da ake cika fom ɗin bincike da shi a karkara, shi ma kowane fom da tasa irin lambar yake tafiya.

Kada ka bari waya ta riƙa ƙirga 1, 2, 3 da kanta a matsayin lambar layi, domin waya biyu za su fitar da 101 a rana ɗaya. In kwastoma na son rasit mai gajeriyar lamba, sa harafin waya a gaba, A-101 da B-101.

10. Na goge abu, washegari ya dawo. Me ya faru?

Wata waya da ba ta ji labarin gogewar ba ta turo shi a matsayin abin da take da shi. In ka share layi gaba ɗaya, babu abin da ya rage da zai ce an taɓa goge shi. Shi ya sa ake barin layin da alamar "an goge" da lambar juyinsa, alamar ta zaga duk wayoyi kamar kowane gyara. Ba kai kaɗai ba ne: a takardar da injiniyoyin Amazon suka fitar a 2007 kan rumbunsu Dynamo, sun yarda cewa kayan da mutum ya cire daga kwandon sayayya kan iya sake ɓullowa. Sun zaɓi haka ne da gangan, don a wajensu gara haka da a rasa abin da aka saka.

Alamomin ba za su zauna har abada ba. Ka yanke wa'adi, a ce kwana casa'in, wayar da ta wuce shi ba ta leƙo ba kuma a sa ta fara tura jakarta, sannan ta sauke komai sabo.

11. Ana ta maganar CRDT. Shi ne maganin duka?

A'a. Tsarin bayanai ne da aka ƙera yadda ko ta wane jeri aka haɗa canje-canje, amsa ɗaya za a samu. Marc Shapiro da abokan aikinsa suka tsara shi da wannan suna a 2011. Yana da kyau ga rubutun da mutane da yawa suke gyarawa tare, da ƙirge-ƙirge. Dabarar amsa ta 7 ma 'yar gidansu ce. Amma yarda tsakanin wayoyi kawai yake tabbatarwa. Duk za su iya yarda cewa an sayar da buhu 7 cikin 5.

12. Sabis ya dawo amma waya ba ta tura ba sai an buɗe manhaja. Laifin wa?

Tun Android 6.0 waya tana kwantar da manhajoji in an ajiye ta don tattalin batir, wasu wayoyin kuma suna ƙara nasu tsananin a kai. Ka ba WorkManager, mai tsara ayyukan bayan fage a Android, aikin turawa, da sharaɗin sai akwai intanet, domin yana tuna aikin ko an kashe waya an kunna. In turawa ta faɗi, a riƙa ninka jira, daƙiƙa 30, minti ɗaya, biyu, da ɗan bambanci tsakanin wayoyi don kada su afka wa sabar lokaci guda. A tura kaɗan-kaɗan, ashirin ko hamsin, yadda in layi ya katse ba sai an faro daga farko ba.

Duk da haka ka sa lamba a saman allo, babba: "Ciniki 14 ba su tafi ba." Da maɓallin "Tura yanzu". Alhajin nan har ya mayar da ita doka, ba mai tashi daga rumfa da magariba sai ya nuna masa sifili. Ka kuma tuna cewa wayar da ta yi mako uku a Sakkwato za ta dawo da tsohuwar manhaja da tsohon fasalin bayanai, don haka sabar ta ci gaba da gane tsohon fasali na wani lokaci.

13. In waya ta ɓace ko ta lalace kafin ta tura fa?

Abin da bai tafi ba ya tafi da ita. Na ga an kai waya wajen wani mai gyara a Ikeja, ya wanke ta tas kafin ya tambaya, cinikin kwana huɗu ya bi ruwa. Ka hana fita daga asusu in jaka ba ta zama fanko ba, ka gargaɗi mutane kan goge bayanan manhaja, ka kuma ba da hanyar fitar da jakar a fayil a aika wa wata waya ta Bluetooth. Tunda sunaye da lambobin kwastomomi suna ciki, a rufe rumbun da lambar sirri ta hanyar SQLCipher ko makamancinsa, a kuma sauke wa kowace waya iya abin da take buƙata. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai tara bayanan mutane alhakin tsare su, ba ta ware ƙaramin rumbun da ke aljihun yaron gida ba.

14. Yaya zan gwada duk wannan kafin in miƙa wa mai kaya?

Ba a kan intanet ɗin ofis a Yaba ba. Samu waya biyu masu araha irin waɗanda za a yi aikin da su, ka sa su yanayin jirgi, ka gyara layi ɗaya a kowacce, ka kunna su bi da bi, sannan ka sake ka juya jerin. Goge a ɗaya, gyara a ɗayar. Matsar da agogon ɗaya gaba da kwana biyu. Kashe manhaja a tsakiyar turawa. Sa sabar ta ajiye amma ta ƙi amsawa, ka ga ko cinikin zai ninku. Rashin sabis gaba ɗaya shi ne mai sauƙi. Wanda yake karya manhaja shi ne sabis mai zuwa yana ɗaukewa, don haka ka hau motar BRT daga Ikorodu zuwa Mile 12 kana shigar da ciniki a hanya. In ka sauka, ka nemi rumfar da za su bar ka ka yini, ka riƙe littafi da biro a gefe, da magariba ka ƙirga buhunan da hannunka ka kwatanta da allo.